Tambaya da Amsa: Madubin sabis, in na matsa fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne ina karanta injiniyancin sadarwa, an yi mana darasi a kan allunan nan da ake ce wa RIS wai ana manna su a jikin gini su riƙa juya sabis inda ake so kamar madubi. Toh abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ka haska wa mutum rana da madubi ya ɗan goce ai shikenan haske ya wuce shi, waya kuma kullum yawo ake da ita, ya ake yi kira ba ya yankewa? Ko dai duk a takarda abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ka taɓo inda gizo ke saƙar.

Allon nan cike yake da ƙananan faranti ɗaruruwa ko dubbai, kowanne da ɗan makunninsa da wata ƙaramar kwamfuta ke juyawa, shi makunnin yana ɗan jinkirta igiyar rediyon da ta bugi farantin kafin ta koma, in aka daidaita jinkirin duka sai igiyoyin su haɗu su ƙarfafa juna a wuri ɗaya, wato inda wayarka take. Amfaninsa ya fi fitowa a igiya mai saurin kaɗawa irin ta gigahaz 28, inda bango ko ganyen bishiya ko ma jikin mutum ke iya tare sabis, sai allon ya zama hanya ta biyu ta zagaye.

Matsalar kuma, allon kurma ne. Yawancinsu ba su da na'urar karɓa balle ta ƙara ƙarfi, mayarwa kawai suke yi, don haka bai san inda kake ba sai an gaya masa. Wayarka za ta aika wata alama da aka riga aka sani, ƙarfen sabis ya auna yadda ta iso, ya yi lissafi, sannan ya aika wa allon umarni. A gigahaz 28 tsawon igiya ɗaya bai fi santimita 1 da ɗan ɗoriya ba, kenan ka matsa da rabin santimita ma lissafin ya fara canzawa, in kuma aka ce sai an auna faranti 1,000 ɗaya bayan ɗaya kafin a gama kai ka sha kwana, awon ya zama tsohon labari kuma ya cinye lokacin da ya kamata a tura data.

Shi ya sa ba a bi ta nan. Ana haɗa farantan rukuni-rukuni a auna su tare, ko a tanadi wasu saituka tun farko a riƙa gwada su a ɗauki wanda ya fi, ko a faɗaɗa hasken ya rufe wuri mai ɗan girma, ƙarfi ya ragu amma mai tafiya ba ya fita daga ciki da wuri. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi hankali ga mai kira, gara sabis matsakaici da ya tsaya da mai ƙarfi da ke ɗaukewa yana dawowa. Wasu kuma suna saka 'yan faranti kaɗan masu ji a cikin allon.

Sai wurin kafawa, wanda mutane ke rainawa. Asarar ƙarfi tana bin nisan ƙarfe zuwa allo ne sau nisan allo zuwa waya, ba tarawa ake ba. A tafiyar mita 100 in ka kafa a tsakiya 50 sau 50 ya ba ka 2,500, in ka kafa mita 5 daga ɗayansu 5 sau 95 ya ba ka 475 kacal, kuma asarar tana bin wannan adadin sau kansa, bambancin ya kusa ninki 28 a lissafin fili fetal. Tsakiya ita ce mafi muni, abin mamaki ko? Abin da ke ceto shi ne in ka ninka yawan faranti biyu ƙarfi na iya ninkuwa huɗu, amma makunni mai hali biyu kawai, digiri 0 ko 180 (wato ba jinkiri ko jinkirin rabin igiya), yana zubar da fiye da rabin wannan ƙarfin.

Batun takarda kuwa, a'a an gwada. NTT Docomo na Japan sun gwada irin wannan allo a gigahaz 28 tun 2018, a 2020 kuma suka nuna na gilashi tare da kamfanin AGC, hukumar ETSI ta Turai mai tsara ƙa'idojin sadarwa ta kafa kwamiti a kansa a 2021. Amma an fi sa masa rai a 6G. Kai da kake karatun ka sa ido a kan hanyar da umarni ke bi zuwa allon, in ita ta yanke allon zai ci gaba da haska inda ka baro.