Binciken isar da magani a jiki ba sai likita ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai karatun injiniyancin sinadarai zai iya shiga binciken isar da magani a jiki. Sosai ma. Dubi Robert Langer na jami'ar MIT a Amurka, wanda shi ma injiniyancin sinadarai ya karanta. A 1974 ya ƙi aikin kamfanonin mai, ya tafi wurin likitan tiyata Judah Folkman a Boston. Can Langer ya haɗa wata irin roba mai riƙe furotin tana sakinsa kaɗan-kaɗan har sama da kwana 100, abin da masana suka ce ba zai yiwu ba. Da shi aka kafa Moderna a 2010, masu allurar korona da ke ƙunshe mRNA (saƙon da ke gaya wa jiki furotin ɗin da zai haɗa) cikin 'yan ƙwallayen kitse. Kai dai ka dage da ilmin halittu tun yanzu.