Amsa ga mai tambayar inda zai ci abinci mai kyau a Legas

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena da ka ce za ka taso daga wajen Kafin Hausa ka sauka Legas karon farko, kana tambayar inda za ka samu abinci mai daɗi mai tsafta wanda zuciya za ta kwanta da shi, kuma kana so ka ɗanɗana kifin teku tunda garin a bakin ruwa yake. Na ga wasu sun ce maka ka ɗaure garin kwaki da ƙuli kawai ka rufa wa kanka asiri, wasu kuma sun ce ka duba waya za ta nuna maka. Ni na daɗe ina bin motar tattasai da attaruhu daga nan yankin Haɗejia zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, to bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Garin kwakin ka ɗauka, ba laifi, hanya ce mai nisa kuma mota na iya lalacewa a dajin da babu ko mai shayi. Amma na hanya ne. Kar ka je gari kamar Legas ka dawo ba ka ci komai ba sai gari da suga.

Ranar da ka sauka, ka fara da namu. Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago, Obalende, duk waɗannan akwai Hausawa jingim, wasu ma a can aka haifi iyayensu. Za ka samu tuwon shinkafa da miyar kuka, waina, mai shayi da ƙwai, fura da nono, da daddare kuma ga tsire da balangu. Cikin da ya sha jijjigar mota ba ya son baƙon abu nan take, ka bar shi ya huta da abin da ya saba. Sai dai abin da ke damuna da 'yan'uwanmu shi ne da yawa a nan suke tsayawa, mutum ya yi shekaru yana zuwa Legas bai taɓa cin komai ba sai tuwon Agege, in ka tambaye shi ya ce wai abincin Yarabawa ba ya ciwuwa alhali ko sau ɗaya bai sa a baki ba. Wallahi asara ce.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce na fi so ka riƙe. Mutum in ya ji an ce gari a bakin teku yake sai ya ɗauka duk kifin da aka sa masa a faranti daga ruwan da yake kallo aka ciro shi. Ba haka ba ne. Titus da kote da panla da za ka gani ana soyawa a kowace kwana, yawancinsu na ƙanƙara ne, daga ƙasashen waje jirage ke kawo su a daskare a sauke a tashar Apapa, irin wanda tireloli ke kawowa Kano a kwali ne sak, ka sha cinsa a gida. Tarwadar nan kuma da suke sawa a baho ka nuna wadda kake so a yanka maka a yi farfesu, ta kiwo ce, a tanki aka raine ta da abincin buhu. Kai da ka taso kana cin tarwadar kogin Haɗejia, da ka sa a baki za ka ji bambanci, tamu ta fi ta gardi nesa ba kusa ba. Saboda haka in don waɗannan ne, kar ka ɓata kuɗinka.

Wuraren da ke bakin teku sosai, can wajen Lekki da Victoria Island, suna da kyaun gani, ban hana ka zuwa ka ga ikon Allah ba, wanda bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba ya kamata ya je ya gani. Amma ka sani kallon ruwan kake saya. Yawanci tun a ƙofa za ka biya kuɗin shiga, kujera ma wani wurin sai ka biya, in aka kawo maka takardar kuɗin abinci za ka ga an ɗora harajin VAT kashi 7.5 cikin 100, ga na jihar Legas kashi 5 da ake ɗorawa a gidajen abinci da otal, wasu su ƙara nasu na hidima, farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. Ga kiɗa kamar zai fasa kunne, ga giya a teburin da ke kusa da kai. Ka ci abincinka tun kafin ka je, ka sha iska ka dawo. Kuma in wani dattijo ya ce maka ka je Bar Beach, wannan zancen da ne, an cike wurin da yashi, a nan ake gina sabuwar unguwar Eko Atlantic yanzu.

Kifin garin na ainihi yana bayan gari, wajen masunta. Legas ruwa biyu gare ta, akwai tekun akwai kuma lagun, wato babban tafkin da ya ratsa ta ciki, shi ne wanda za ka haye ta gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. In kun hau gadar daga ɓangaren Yaba ka leƙa ƙasa, za ka ga gidajen katako a kan ruwa da kwale-kwale da hayaƙi yana tashi, Makoko ke nan, masunta ne, hayaƙin nan na bandar kifi ne. Kar ka shiga kai kaɗai, sai da ɗan gari. Wanda ya fi sauƙi ka je kasuwar Oyingbo da safe. In kuma kana da yini guda na kanka, to Epe za ka je, akwai nisa daga cikin gari amma kasuwar kifinta a bakin ruwa take, mata ne ke riƙe da ita, kwale-kwale na tsayawa suna tarba, kifi yana motsi a baho yana watsa maka ruwa a riga, ga ƙarfasa manya-manya, ga ƙaguwa an ɗaure mata ƙafafu, ga jatan lande ɗanye wanda mu busasshe kaɗai muka sani a ƙulli. Sammako ake yi, in rana ta take mai kyaun ya tafi. Ba sai na koya wa ɗan Haɗejia sanin sabon kifi ba, ido garau, ka ɗaga murfin kunnen ka ga ja jawur, ka danna jikin da yatsa ya dawo. Ka taya rabin abin da aka faɗa maka ku haɗu a tsakiya, da sun ji harshenka za su ɗaga kuɗi, ba ƙiyayya ba ce, kasuwa ce. In ka saya ka nemi mai gasawa a nan kusa ka biya ta ladan aiki, ka tsaya a kai har ta gama, ka ce ta rage yaji. A kasuwar akwai ɓangaren naman daji, wannan ka wuce shi kawai, ba ka san yadda aka kashe ba.

Na san za ka yi tunanin halacci. Abin da muka karanta a wajen malamanmu na Malikiyya shi ne duk abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, har ƙaguwar da jatan landen. Sai dai wasu jikinsu ba ya karɓa, ƙaiƙayi da kumburi yake sa musu, to ka fara da kaɗan ka gani.

Sai buka, wato rumfar abincin Yarabawa, nan ne nake so ka cire tsoro. Ka shiga ka ce a ba ka amala da abula. Amala tuwon garin busasshiyar doya ne, launinsa ya yi duhu, kar launin ya kore ka. Matar za ta yanko shi da ƙoƙo daga tukunya yana tururi ta kifa a kwano, ta zuba ewedu a gefe ɗaya, lalo ne da ka sani aka kaɗa shi ya yi yauƙi, ta zuba gbegiri a ɗaya gefen, miyar wake ce da aka cire wa ɓawo aka tace ta yi laushi, sannan ta kawo jar miya ta malala a bisa, kwano ɗaya kala uku kore da rawaya da ja, sai ta tsaya da cokali a hannu tana jiran ka nuna naman da kake so a cikin tukunya. Da zafinsa ake ci, in ya huce ya tashi daga aiki. Da safe kuma ka nemi masu ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya narke lugub aka zuba masa soyayyen yaji da manja har ya yi baƙi-baƙi, ka haɗa da burodin Agege mai tauri-tauri ɗin nan, in ka ci wannan sai azahar ka sake tuna abinci. Shinkafar ofada a ganye ma akwai, amma ƙamshinta ba kowa yake so ba kuma miyarta yaji ne zalla. Gasasshiyar ayaba da gyaɗa ta bakin titi, boli suke ce mata, ita ce abin taɓawa in yunwa ta kama ka a hanya.

Yadda za ka gane bukar kirki, yadda kake gane mai wainar kirki ranar kasuwar Gujungu ne, wadda aka yi wa layi. Kar ka kalli fenti ko allon suna. Ka duba su wa ke ci. In ka ga direbobi da ma'aikatan banki da 'yan dako duk a benci ɗaya, shiga, tukunyar da ake wa rububi ba ta kwana. Tsakanin 12 da 2 na rana ne lokacin, bayan la'asar sauran miya ne ake ta ɗumamawa. Ka ɗan zaga ido inda suke wanke kwano, in ruwa ɗaya ne ya yi kauri ake ta tsomawa, juya abinka. Kuma ka tambayi kuɗi kafin a zuba, don su komai daban ake lissafawa, shinkafa da cokali, nama da yanka, ganda daban, kifi daban, in ka yi ta cewa a ƙara za ka sha mamaki wajen biya.

Batun nama kuwa hankalinka ya kwanta kaɗan, Yarabawan Legas Musulmi na da yawa ƙwarai, buka da yawa alhajiya ce mai ita, kuma shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege yawanci daga nan arewa aka loda su. Duk da haka tambaya ba ta ɓata komai, ka ce naman mene ne, in ka ji an ce elede to alade ne. Wajen babban masallacin cikin gari da ke titin Nnamdi Azikiwe, bayan an sauko Juma'a ka bi inda jama'a suka nufa, ba za ka rasa ba. Wurin da ka ga kwalabe jere a tebur ana farfesu da daddare, ko da naman akuya ne, ba wurinka ba ne.

Abin da ke kwantar da baƙo a Legas galibi ruwa ne ba abinci ba. Garin ruwa ya kewaye shi amma na sha mai kyau wahala yake, da damina kwatoci su cika su haɗe da rijiyoyi. A 2024 an yi ɓarkewar kwalara a garin har an rasa rayuka. Don Allah ka sha na gora ko fiya wata mai lambar NAFDAC wanda ka fasa da kanka, ka bar zoɓo da kunun aya na cikin tsohuwar roba da ba ka san inda aka haɗa ba, ka bar ƙanƙara, ka bar ɗanyen kabeji da latas ɗin da ake barbaɗawa a kan shinkafa. Abin da aka sauke daga wuta a gabanka shi za ka ci. Ka sa ORS, garin gishiri da sugan nan na masu gudawa, ko biyu a jaka, ba ya da nauyi.

Waya kuma tana da amfaninta amma manyan wurare take nunawa, matar da ta fi kowa iya amala a unguwa ba ta da shafi a Instagram. Mutane za ka tambaya, kuma ba kowa ba. Kar ka tambayi 'yan tasha masu karɓar kuɗi a hannun direbobi, kar kuma ka tsaya a tsakiyar titi da jaka a kafaɗa kana waige-waige. Ka tambayi mai gadi ɗan arewa da ya daɗe a layin, ko mai shayi, ko wanda kuka yi sahu ɗaya da shi a masallaci. Kuma kar ka ce ina ne wuri mai kyau, zai tura ka inda yake ganin baƙo zai so, mai tsada. Ka ce masa kai a ina kake cin na rana.

Sannan kar ka tsallaka gada saboda kwano ɗaya, gosulon garin zai cinye maka yini, kowace unguwa tana da tata gwanar. Epe kaɗai na ce ta cancanci tafiya ta musamman. Ka faɗa mana a nan unguwar da za ka sauka da abin da zai kai ka, in wajen Ketu ko Mile 12 ko Agege ne zan kwatanta maka layin da za ka bi, in cikin gari ne wajen Idumota da Balogun akwai 'yan kasuwar yadi a gidan nan da suka fi ni sanin can, su sa baki. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ka gaida mutanen gida.