Ɗana BC-B ne ko BC-E? Amsar lauya ga wata uwa a Haidarabad

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni Bakanuwa ce, shekarata 19 ina aure a Haidarabad ta jihar Telangana a ƙasar Indiya. Maigidana Musulmi ne ɗan Telugu, iyayensa mutanen gundumar Karnul ne. A nan aka haifi ɗanmu na fari, a nan ya yi karatunsa duka, baɗi zai zauna jarrabawar shiga jami'a yana son injiniyanci. A takardun makarantar maigidan an rubuta Dudekula, amma sunansa da Shaik yake farawa. Wani mai yi wa mutane takardu ya ce mu ba shi kuɗi ya fitar wa yaron shaidar BC-E tunda Musulmi ne, wai can an fi samun gurbi. Maigida ya karkata, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina muka tsaya? Sannan ni da nake baƙuwa, aure ya shigar da ni rukunin mijina?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Gaskiya na wajenki. Kada ku ba mutumin nan ko rupi ɗaya, domin abin da zai sayar muku bai kai wanda yaron ya gada kyauta ba.

Bari in faro daga tushe saboda masu karatu da ba su san tsarin ba. A ƙasar Telugu, wato jihohin Andra Pradesh da Telangana waɗanda suka rabu ranar 2 ga Yuni 2014, kowa yana da zuriyar da aka haife shi a ciki, suna ce mata kulam. Da yawansu sana'ar gado ce tushensu, kamar yadda muke da gidan wanzamai da maƙera da mahauta, sai dai can abin ya yi tsanani har gwamnati ta rubuta sunayen zuriyoyin a jeri, tana keɓe musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati. Mala da Madiga, waɗanda a da ake ƙyamar taɓa su, suna rukunin SC mai kashi 15 cikin 100. Ƙabilu irin su Lambada suna ST. Manyan gidaje irin su Reddy da Kamma ba su cikin waɗannan jerin, sai dai talakansu ya nemi kashi 10 da aka ware a 2019 wa marasa hali. A tsakani akwai BC, wato al'ummomin da aka bari a baya, kashi 29, an raba su gida biyar: A na da 7, B na da 10, C na da 1, D na da 7, E kuwa 4.

Ga inda dillalin naku ya murɗe zance. Ba kowane Musulmi ne ɗan BC-E ba. Dokar 2007 da ta kafa rukunin ta lissafa ƙungiyoyin da take nufi, ta kuma fitar da wasu da sunansu, irin su Sayyid da Patan da Mugal da Larabawa. Dudekula kuwa, waɗanda ake kira Pinjari ko Laddaf ko Nurbasha, masu shiɓar auduga ne tun kaka da kakanni, kuma suna cikin BC-B tun kafin a yi mafarkin BC-E. Shaik yana cikin jerin E, ba musu, amma a matsayin al'umma. Dudekula da yawa suna liƙa Shaik a gaban sunansu, kamar yadda ba duk mai amsa Shehu a wajenmu ne shehin malami ba. Jami'in da zai bincika ba sunan zai duba ba. Rajistar makarantar uba da ta kaka zai buɗe, ya kuma aika a tambayi mutanen garinsu.

Ko da babu maganar doka, cinikin na asara ne. BC-E a kan umarnin wucin gadi yake tsaye: Babbar Kotun Andra Pradesh ta soke dokar a watan Fabrairun 2010, Kotun Ƙoli ta ba da izinin a ci gaba da aiki da ita a watan Maris na shekarar kafin ta yanke hukunci. Abin da ya fi wannan, jeri biyu ne, na jiha da na tarayya. Haruffan A zuwa E a jarrabawar jiha kawai suke aiki, irin EAPCET ta shiga kwalejojin injiniyanci na jihar. Idan yaron zai zauna JEE, jarrabawar ƙasa baki ɗaya, yana harin IIT ko NIT, manyan makarantun injiniyanci na tarayya, jerin OBC, wato BC na tarayya, mai kashi 27 ake dubawa. Dudekula na cikinsa, amma ba kowace ƙungiyar BC-E ce ta samu shiga ba. Kin ga sai ya saki reshe ya kama ganye.

Hukuncin takardar ƙarya kuma ba wasa ba ne. Dokar 1993 kan bayar da shaidar zuriya, wadda jihohin biyu suka gada, ta ɗora wa mai nema nauyin tabbatar da iƙirarinsa. Kalekta, wato shugaban gunduma, yana da ikon soke takardar ƙarya, a kori ɗalibi, a karɓe digirin da ya samu da ita, ga ɗauri na wata 6 zuwa shekara 2. A 2017, a shari'ar Jagdish Balaram Bahira, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya samu aiki ko karatu da shaidar da aka soke ba zai fake da daɗewa ba. Irin wannan asiri ba ranar shiga makaranta yake tonuwa ba, sai mutum ya kama aiki ya yi iyali, wani abokin takara ya rubuta takardar ƙorafi.

Sai batunki. Aure ba ya canza wa mutum rukuni. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Valsamma Paul a 1996: kason na wanda aka haifa cikin tauyewar ne ya tashi a cikinta. Ko kin karɓi shaidar zama 'yar ƙasa, wadda matar ɗan Indiya ke iya nema bayan zaman shekara 7, a gurbin gama-gari za ki yi takara. Yaron kuwa ana ɗaukar zuriyar uba ce tasa, sai in an kawo hujjar cewa a wata al'umma ya tashi, kamar yadda kotun ta bayyana a 2012 a shari'ar Rameshbhai Naika. Kasancewarki Bahaushiya bai rage masa komai ba.

Abu ɗaya ne zai iya rushe komai, kuma ba ki ambace shi ba: wane fasfo ne a hannunsa? Wanda aka haifa a Indiya daga 3 ga Disamba 2004, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, ɗayan kuma ba baƙon haure ba ne a lokacin haihuwar. To amma Indiya ba ta yarda da riƙe ƙasa biyu ba. Idan kun taɓa yi masa fasfon Najeriya don zuwa ganin dangi, ko yana riƙe da katin OCI, wanda Indiya ke ba 'yan asalinta masu fasfon wata ƙasa, ku ga lauya a nan Haidarabad tun yanzu, domin kason na 'yan ƙasa ne kaɗai.

Idan wannan ya daidaita, sauran aikin takarda ne. Ku je cibiyar MeeSeva, inda ake neman takardun gwamnati, da kanku ku nemi shaidar BC-B, Tahsildar, wato jami'in gwamnati na yankinku, ne ke sa hannu. Ku tafi da shaidar zuriyar maigida, da takardar barin makarantarsa, da takardar haihuwar yaron, da katin shaida na Aadhaar. Tunda tushen gidan a Karnul yake, wadda ta faɗa Andra Pradesh, ana iya neman tabbaci daga can, don haka a aika wani ɗan'uwa ya kwafo tsofaffin rajistocin kafin a tambaya. Telangana ta cire zuriyoyi 26 daga jerinta bayan rabuwa, amma Dudekula na nan a jihohin biyu. Ku tanadi takardun makarantun da yaron ya yi a jere, su ne hujjar cewa ɗan gida ne a Telangana ƙarƙashin sashe na 371D na kundin tsarin mulki.

Takardar OBC ta tarayya daban ake nemanta, kuma dole ta nuna cewa gidanku ba ya cikin masu kumbar susa. Iyakar ita ce rupi 800,000 a shekara, amma lissafin yana da sarƙaƙiya: albashi da amfanin gona ba su shiga ciki kai tsaye, matsayin uba a wurin aiki ake fara dubawa. Galibi ana son wadda aka fitar daga 1 ga Afrilu na shekarar jarrabawa, kada ku yi gaggawar karɓarta ta tsufa a hannunku. Ku kuma karanta sanarwar jarrabawar shekarar da kyau, domin alƙaluman na motsi: a watan Maris na 2025 majalisar Telangana ta zartar da ƙudurin ɗaga kason BC zuwa kashi 42, amma abin da aka buga a sanarwa shi ne mai aiki a kanku.

Idan Tahsildar ya ƙi, ku nemi ya ba ku dalilinsa a rubuce. Kuna da kwana 30 ku ɗaukaka ƙara wajen Kalekta, bayansa kuma ƙofar Babbar Kotun Telangana a buɗe take ƙarƙashin sashe na 226. Ki nuna wa maigida wannan amsa, ki roƙe shi ya ɗauko tsohuwar takardar makarantarsa ku fara da ita.