Amsa ga ƙanena mai son karatun injiniyancin mota a Jamus

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka kammala digirin injiniyancin makanikal a ABU Samaru, kana taya kawunka aiki a garejinsa na Sabon Gari, kuma kana son zuwa Jamus yin digiri na biyu a kan injin mota, sai dai ana ta faɗa maka cewa motar fetur ta kusa zama tarihi. Shawarata ita ce ka zo idan Allah ya hore, amma ka karkata karatun zuwa batir da na'urorin sarrafa wuta.

A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ce daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da hayaƙi ba, kodayake an yi ta jayayya kan sassauta dokar, kuma Jamus tana cikin masu neman sassaucin. A Norwe, kusan motoci 9 cikin kowace 10 sababbi da aka sayar a 2024 masu lantarki ne. A nan Jamus kuwa tafiyar tana da gargada, domin da gwamnati ta soke tallafin sayen motar lantarki ba zato a Disambar 2023, cinikin ya faɗi a shekarar da ta biyo baya. Duk da haka Volkswagen ta mayar da masana'antarta ta Zwickau ta masu lantarki zalla tun 2020, Tesla ta buɗe tata kusa da Balin a 2022, sannan a ƙarshen 2024 Volkswagen ta cimma yarjejeniyar rage ma'aikata 35,000 zuwa 2030. Baƙon da ya zo neman aikin zana fistin zai yi gogayya ne da Jamusawan da suka tsufa a cikin sana'ar, a daidai lokacin da guraben suke raguwa.

Dalilin raguwar kai ka fi kowa gane shi, tunda hannunka ya saba da baƙin mai. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juye, kuma mafi yawansu giya ɗaya ce da su. Ko birki ba ya saurin cinyewa, saboda motar tana rage gudu ne da injin lantarkin, tana mayar da wuta cikin batir. Wahalar ta koma kan batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar. A garejin nan Jamus, kafin a taɓa irin wannan mota sai an kewaye ta da shinge, wanda ya sami horon aikin ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya cire makullin batir ya ajiye inda ba mai iya mayar da shi, ya jira, sannan ya auna ya tabbatar babu wuta. Wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo suna ɗauke da bolt 400, a wasu motocin har 800, kuma kuskure ɗaya ya isa ya kashe mutum.

Kada ka ɗauka digirinka ya tashi a banza. Batir ba ya son zafi, kuma sanyaya shi aikin mai ilimin makanikal ne, wanda ya karanci yadda zafi yake ratsa ƙarfe da ruwa. Mutumin da ya san yadda Zariya take a watan Afrilu yana da tambayoyin bincike da ba za su faɗo wa ɗan Munik a rai ba.

Game da kuɗi, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a rufaffen asusu, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024. An yarda ɗalibi ya yi aiki na kwana 140 a shekara, sai dai ban ba ka shawarar ka dogara da wannan a zangon farko ba. Ka nemi tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, ko na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, tun da wuri, kuma kada kawu ya sayar da gona saboda wannan tafiya.

A gida kuwa, ba na tsammanin garejin kawu zai rasa motocin fetur nan kusa. Dokar Turai sababbin motoci ta shafa, tsofaffin kuwa ta Kwatano da Legas za su ci gaba da shigowa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 gwamnati ta fi mayar da hankali kan gas na CNG. A garin da wuta ba ta tsayawa, a ganina sauyin zai fara ne daga Keke Napep da baburan acaɓa masu jigila tsakanin Kwangila da Samaru, waɗanda ake iya musanya batirinsu a wurin caji mai sola, da kuma motoci masu haɗa fetur da batir irin Toyota Prius da suke shigowa a matsayin na hannu.

Saboda haka kafin ka cike kowace takarda, ka nemi masu haɗa sola da inbata ka koyi auna lafiyar batirin litiyam, ka leƙa NITT, cibiyar fasahar sufuri da ke hanyar Basawa, ka tambayi kwasa-kwasan da suke da su a wannan fanni, sannan ka fara koyon Jamusanci, domin ko da an koyar da kai da Turanci, a masana'anta da Jamusanci ake magana. Ka turo mini takardar sakamakonka in duba jami'o'in da za su dace da makinka. Ka gaishe da kawu da mutanen gida.