Amsar tambayarka kan jawabin ranar walima

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce dangi sun ɗora maka jawabin godiya a walimar saukar Alƙur'anin ƙanwarka, kana tambaya ko dole ne ka ambaci manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuma ko laifi ne ka karanta daga takarda. Na ji daɗi da ka tambaya tun da sauran kwanaki.

A wurinmu nan Katsina, gaisuwa ita ce rabin jawabi. Bayan sallama da bisimilla da salati ga Annabi, sai ka bi mutane bisa girmansu. Idan Mai Martaba ya aiko wakili, shi ne farko ko da yaro ne, domin rigar Sarki ce a jikinsa, ka ce Allah ya ja zamanin Sarki. Daga nan hakimi, sai mai gari da masu unguwa, sai limamai da malamai, su kuma Allah gafarta malam ake ce masu. Mai sarauta da sarautarsa ake kiransa: hakimin Rimi Kaura ne, na Dutsin-ma 'Yandaka, na Malumfashi Galadima. Kada ka kuskura ka kira ɗayansu da sunan yanka tsirara. Mahaifinka ma haka, ka ce "mahaifinmu" ka wuce, kowa ya san wanda kake nufi.

Ni kaina na taɓa tsallake limamin unguwarmu a wani taron suna, ina saurayi, baki na rawa. Bai ce uffan ba. Washegari bayan asuba kakanka ya tasa ni gaba har zaurensa, na durƙusa na ba da haƙuri. Har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Saboda haka ka samu mai gabatar da taro tun kafin a zauna, ku daidaita jerin waɗanda suka iso. Wanda aka gayyata bai zo ba, ba a ambatonsa. Sauran jama'a ka haɗa su a gaisuwa ɗaya, iyaye mata kuma ka ware masu tasu, su suka kwana a kan tukwane.

Batun takarda babu laifi. Sunaye da sarautu ka rubuta su da manyan baƙaƙe. Amma godiyar kanta ta fito daga bakinka, idonka na kan mutane. Abu ɗaya za ka riƙe: malamin da ya zauna da yarinyar nan tun daga Fatiha har ta kai izu 60, shi ya fi kowa cancantar yabo ranar. Ka faɗi abu guda da ka gani da idonka na wahalarsa a kanta, ya wadatar.

Kuma ka sassauta harshe. Ka nemi jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 ka saurara. Ka lura yadda yake ba kowace kalma haƙƙinta, yana numfasawa. Minti 5 sun ishe ka, ka roƙi gafarar duk wanda aka yi wa ba daidai ba wajen masauki ko abinci, ka miƙa wa liman ya rufe da addu'a.

Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar ka yi shi a gabana, ka taho da jerin sunayen. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.