Amsa ga ɗan'uwan da ya yi wata uku bai ɗauki hoton da ya kwanta masa a rai ba

Ɗan'uwa, ka ce wata uku ke nan rabonka da ɗaukar hoton da ya kwanta maka a rai, duk abin da ka ɗauka sai ka ga tamkar ka taɓa ɗaukarsa, har ka fara tunanin ko sabuwar kyamara ce za ta fid da kai. Na shiga irin wannan hali a shekarata ta tara cikin sana'ar, kuma nawa ya kusa shekara guda.

Batun sabuwar kyamara, ban ba ka shawara ba. Ni na saya, ɗokinta bai kai mako biyu ba na koma gidan jiya.

Abin da na gano daga baya shi ne yawan zaɓi ne ya kashe mini ido. Tun da memori yana ɗaukar dubban hotuna, sai na daina tsayawa in duba kafin in danna. Nakan dawo da hoto ɗari uku, in zauna gaban kwamfuta har dare ina laluben guda ɗaya da ya yi kyau bisa dace. Saboda haka na ƙuntata wa kaina da gangan. Na ajiye duk gilasan kyamarata ban da mai milimita 50, wanda ba ya jawo abu kusa sai dai mutum ya taka da ƙafarsa, irin wanda shahararren mai ɗaukar hoto Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi yawancin aikinsa da shi. Na kuma yanke wa kaina hoto 36 a kowace fita, adadin da naɗin fim mai milimita 35 yake ɗauka, sannan na manna takarda a allon bayan kyamarar don kada in leƙa sai na koma gida.

Kwanaki ukun farko ban samu komai ba sai haushi. A rana ta huɗu ko fita ban yi ba. Da hantsi na lura hasken taga ya sauka a kan wata tsohuwar kujerar ƙarfe da na shekara shida ina zama a kanta, inuwar ƙafafunta ta miƙe a ƙasa, tsatsar da ke jikinta ta koma ja wur. Na durƙusa kusan minti arba'in ina bin inuwar tana gajarcewa, kuma sau biyar kawai na danna. Ba wanda zai sayi hoton nan, amma shi ne na farko cikin watanni da na san dalilin ɗaukarsa tun kafin yatsana ya taɓa maɓalli.

Ashe wani ya riga ni nisa a wannan hanya. Josef Sudek, mai ɗaukar hoto na birnin Prague, wanda ya rasa hannunsa na dama sakamakon raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fara ɗaukar hoto ta tagar ɗakin aikinsa a 1940, lokacin da mamayar da Jamus ta yi wa ƙasarsa ta sa yawo da kyamara ya yi wuya. Ya yi shekaru fiye da goma yana ɗaukar taga guda da itaciyar da ke bayanta, wata rana gilashin ya yi raɓa, wata rana ruwa na zirara a kansa, kuma hotunan suna cikin ayyukansa mafi shahara.

Na kuma ƙaurace wa Instagram tsawon wata biyu, domin kallon zaɓaɓɓun hotunan mutane ɗari kafin ka fita yana sa naka ya zame maka abin raini tun ba ka ɗauke shi ba. Maimakon haka na wanko tsofaffin hotunana ashirin, na jera su a bango, sai na ga goma sha ɗaya daga ciki duk hannayen mutane ne a bakin aiki, abin da ban taɓa lura ina yi ba. Shi na bi tsawon shekara biyu bayan nan.

Ka wanko naka ashirin a wannan makon, ka bar su a bango kwana bakwai, sannan ka gaya mini abin da ya fi maimaituwa a cikinsu.