Komawa Yuen Long ta Hong Kong: Wane harshe za a koya, wane gida za a kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki da wani kamfanin jigilar kaya a Hong Kong, izinin aiki ya fito, kuma ina da niyyar tafiya da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu, mai shekara huɗu da mai shekara goma. An ba ni shawarar in nemi gida a Yuen Long saboda sauƙin haya, sai dai an ce mutanen wurin ba su cika jin Turanci ba. Shin in fara koyon Mandarin tun daga gida? Yaya kuma batun masallaci da abincin halal? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a tafiyar. Mandarin, wato babban harshen ƙasar Sin, ba shi ne harshen da za ka ji a bakin maƙwabtanka ba. Kusan mutum tara cikin goma a Hong Kong harshen Kanton, wato Kantonanci, suke yi a gida da kasuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da Mandarin ta kai yadda mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan sai ya koya. Turanci harshen hukuma ne, zai wadatar da kai a ofis da banki da ofishin shige da fice, amma Yuen Long tana can arewa maso yammacin yankin da ake kira New Territories, wanda Birtaniya ta karɓa haya na shekara 99 a 1898, kuma a nan mai sayar da kifi da direban ƙaramar bas da dattijuwar da za ta ba ka hayar gida duk da Kantonanci za su tare ka.

Bahaushe yana da wata 'yar riba a nan wadda Bature ba shi da ita, domin kunnensa ya saba da karin sauti. Yadda muke bambanta kukan yaro da kukar miya ta hawa da saukar murya kawai, haka su ma suke yi, sai dai nasu karin shida ne. Kalmar saye da ta sayarwa duk "maai" ne, a ta farko murya tana ɗan hawa, a ta biyu tana kwance a ƙasa, kuma ɗan kasuwa ya san abin da kuskure a nan zai jawo. Ka fara da lambobi, da "gei do chin" wato nawa ne, da "m goi" da ake faɗa wa wanda ya yi maka hidima, da "do je" da ake faɗa idan an ba ka kyauta. Ranar farko da ka shiga ƙaramar bas mai kujera 16 ko 19 za ka ji fasinja ya ɗaga murya daga baya ya ce "yau lok", direba ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba, motar ta tsaya. Baƙon da kunya ta hana shi furta wannan yakan wuce unguwarsu yana kallo.

Batun gida ya fi buƙatar natsuwa. Haya iri biyu za a nuna maka. Akwai dogayen benaye kusa da tashar jirgin ƙasa, masu maigadi da na'urar hawa bene, ɗakunansu ƙanana, kuɗinsu da ɗan nauyi. Akwai kuma gidajen ƙauye a wurare kamar Kam Tin da Pat Heung, waɗanda ake ginawa bisa wani tsari na 1972 da ya taƙaita su a hawa uku, kowane hawa bai wuce murabba'in ƙafa 700 ba. Waɗannan sun fi faɗi da araha, wanda ya kama hawa na sama kuma galibi rufin bene nasa ne, wurin shanya da shan iska. Amma ka je ka gani da idonka da daddare kafin ka sa hannu, ka auna tafiyar ƙasa daga ƙofa zuwa inda mota take tsayawa, ka lura da karnukan ƙauye, ka kuma duba bango, domin laimar watan Maris da Afrilu takan sa bango ya yi gumi, tufafi su yi fumfuna. A ganina mai iyali da ya zo sabo ya fi dacewa da kusa da tasha a shekarar farko, ko da ɗakin ya matse, saboda uwargida ce za ta wuni a unguwar alhali kai kana ofis inda ake Turanci. Al'adar haya ita ce ajiyar kuɗin wata biyu, da kuɗin wata ɗaya a gaba, da la'adar dillali ta rabin wata, yarjejeniya kuma yawanci ta shekara biyu ce wadda ba a fasa ta a shekarar farko.

Cikin kwana 30 da isowarku kai da maiɗakinka ku nemi katin shaidar zama, wanda ya wajaba a kan duk ɗan shekara 11 zuwa sama da aka ba izinin zama fiye da kwana 180. Da shi ake ganin likita a asibitin gwamnati da rangwame. Ku sayi katin Octopus tun a filin jirgi, da shi ake biyan jirgi da bas da ƙananan sayayya.

Manyan masallatan Hong Kong guda biyar babu ko ɗaya a New Territories. Akwai ƙananan wuraren salla da makarantun Alƙur'ani da 'yan Pakistan suka buɗe a cikin benayen Yuen Long, amma babbar Juma'a tana Masallacin Kowloon da ke titin Nathan a Tsim Sha Tsui, tafiyar kimanin rabin awa a layin jirgin Tuen Ma. Kaɗan daga nan ginin Chungking Mansions yake, matattarar 'yan kasuwar Afirka da gidajen abincin halal, inda da wuya ka wuni ba ka ji wani yana waya da harshen gida ba. A kasuwar unguwa kifi da kayan lambu ba su da matsala, ana auna su da "gan", wanda ya ɗara gram 600 kaɗan. Abin tsoro shi ne alade da ba a ganinsa: kitsensa yana shiga burodi da kek na gargajiya, namansa kuma yana cikin ƙullin fulawa mai nama a ciki da za a ce maka na jatan lande ne. Ka koya wa yara su gane alamar 清真, ita ce halal a rubutunsu.

Yaran biyu hanyarsu ba ɗaya ba ce. Mai shekara huɗu ka sa shi a makarantar renon yara ta unguwa, zai kama harshen da wuri har ya zama tafintan gidan. Mai shekara goma shi ne abin dubawa, domin yawancin makarantun gwamnati da Kantonanci suke koyarwa, da tsohon salon rubutu mai yawan zane, makarantun ƙasa da ƙasa kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Ka nemi makarantar da ta saba karɓar yaran da Sinanci ba harshen gidansu ba ne. Irinsu suna nan a Yuen Long, inda 'yan Nepal da 'yan Pakistan suka daɗe, akwai kuma firamare ta Musulunci a Tuen Mun, maƙwabciyar Yuen Long. Ka tambayi kamfaninka tun kafin ka tashi ko kwangilarka ta ƙunshi tallafin kuɗin makaranta, kuma a rubuta maka amsar.